Bayani: Tsaron ran ɗan wasa da alƙalin wasa a gasar Firimiyar Najeriya

Muhawarar masoya ƙwallon ƙafa a Arewa ta fi karkata ga koci da alƙalin wasa: wa ya kamata a sallama, wane bugun fenareti aka danne. Batun da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne ko ɗan wasa da alƙalin za su koma gida lafiya. Haɗarin kuwa ta hanyoyi uku yake zuwa: jikin ɗan wasan, fushin 'yan kallo, da kuma titi.

A ranar 8 ga Maris, 2020, ɗan bayan Nasarawa United, Chineme Martins, ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na Lafiya ana tsaka da karawa da Katsina United. Motar ɗaukar marasa lafiya da aka ajiye a filin ta ƙi tashi. Da wata mota aka garzaya da shi asibiti, inda aka tabbatar da rasuwarsa. Shekara talatin da ɗaya kafin nan, a ranar 12 ga Agusta, 1989, Samuel Okwaraji ya faɗi haka a babban filin wasa na Legas yayin wasan Najeriya da Angola. Wato tsawon wannan lokaci bai isa a tabbatar da cewa motar da ke bakin fili tana aiki ba.

Idan zuciya ta tsaya, mintuna kaɗan ne ke raba rayuwa da mutuwa. Abin da ake bukata shi ne wanda ya iya danna ƙirji nan take, da na'urar farfaɗo da zuciya. Da waɗannan aka ceto Christian Eriksen na Denmark a watan Yunin 2021. Da su kuma aka ceto Damar Hamlin na ƙungiyar Buffalo Bills a ranar 2 ga Janairu, 2023, a gasar NFL ta ƙwallon Amurka mai kama da zari-ruga.

Ita ma NFL ba da son ranta ta gyara ba. Wani likita ɗan Najeriya, Bennet Omalu, shi ne ya binciki ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasa Mike Webster bayan rasuwarsa a 2002, ya gano lalacewar da yawan buguwar kai ke haddasawa. Hukumar gasar ta daɗe tana musanta sakamakon. A yau tana ajiye likitan da ba ma'aikacin kowace ƙungiya ba ne a gefen fili, kuma masu sa ido na da ikon dakatar da wasa don a duba wanda ya bugu. Hikimar ita ce a cire hukuncin daga hannun koci, wanda bukatarsa maki uku ce.

Ta fuskar alƙalan wasa, tarihin Kano Pillars ya isa misali. Ƙungiyar da ta ɗauki kofin gasar a 2008, 2012, 2013 da 2014 ta sha biyan tara saboda magoya bayanta. A watan Yunin 2019, a filin Agege da ke Legas, 'yan kallo sun afka cikin fili bayan wasa da Enugu Rangers, aka dakatar da kyaftin Rabiu Ali wasa 12. A Afrilun 2022 an tashi wasa da Katsina United a filin Sani Abacha ba a kammala ba, aka farfasa motar baƙin. An cire wa Pillars maki, kuma a ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na biyu. A Oktoban 2025 aka sake kai wa alƙalai hari a filin bayan Shooting Stars ta farke ƙwallo a ƙarshen wasa. Aka sake cire maki uku, aka mayar da wasanninta na gida Katsina.

Magoya baya kan ce alƙalai na cutar su idan sun fita waje, kuma zargin ba sabo ba ne a gasar da cin wasa a gidan wani ke da wuya. Sai dai alƙalin da ke tsoron duka ba zai yi adalci ba; zai busa usur ne yadda zai fita da ransa. Yawancin ƙungiyoyin nan mallakar gwamnatocin jihohi ne, don haka tarar da ake ci daga kuɗin jama'a take fita, ba daga aljihun wanda ya yi jifa ba.

Sai titi. A Maris 2015 'yan fashi sun buɗe wa motar Pillars wuta a kusa da Abaji kan hanyarta ta zuwa Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari da Tegina, wadda ta haɗa Arewa da Kudu maso Yamma, ta shafe shekaru matafiya na gudunta saboda 'yan bindigar dajin. A ƙarshen Mayun 2025 kuma motar tawagar Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a kan hanyar Zariya zuwa Kano, mutum sama da 20 suka rasu, saura tafiya kaɗan su isa gida.