Daga Uwar Shayarwa zuwa Madarar Gwangwani: Tarihin Nauyin Shayarwa a Ƙasar Hausa da Waiwaye kan Kudancin Jigawa

Tsakure

Maƙalar ta bi diddigin yadda nauyin shayar da jariri ya sauya masauki a ƙasar Hausa, tun daga tsarin da fiƙihun Malikiyya ya shimfiɗa, zuwa al'adun jego, zuwa shigowar madarar gwangwani da dokokin da suka biyo bayanta. An nuna cewa Shari'a ta raba wannan nauyi tsakanin uwa da uba da dangi da hukuma, kuma zargin kai da ke addabar mai jegon da nononta ya gaza ya samo asali ne daga rushewar wancan rabo.

1.0 Gabatarwa

A ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, irin su Surko, kamar sauran ƙasar Hausa, da wuya a sami uwar da ba ta shayarwa. Matsalar takan taso ne idan abin ya ƙi: nono ya yi jinkirin kawowa, ko aka haifi tagwaye, ko aka yi wa uwa tiyata, ko wani ciki ya shiga. A nan mai jego kan tsinci kanta a tsaka mai wuya. Ma'aikaciyar asibiti ta ce nono zalla har wata shida, uwar miji ta ce yaro na jin ƙishirwa a ba shi ruwa, mai shagon magani ya nuna gwangwanin da kuɗinsa ya fi ƙarfin maigida. Kowace hanya ta bi, sai ta ji kamar ta ci amanar ɗanta. Tambayar da ta dace da ɗalibin addini ita ce: shin Shari'a ta ɗora mata wannan laifi? Idan ba ta ɗora ba, daga ina ya zo?

2.0 Shimfiɗar Shari'a

Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ita ce ginshiƙin wannan babi. Ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, sannan a cikin ayar aka ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita, aka hana cutar da uwa saboda ɗanta, aka halatta yaye bisa shawara da yardar juna, aka kuma halatta neman wata mace ta shayar idan an biya ta. Aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta wajabta ladan shayarwa ga matar da aka saka, ta kuma buɗe ƙofar wata ta shayar idan an kasa daidaitawa. Ke nan aya ɗaya ta haɗa umarni da mafita.

Tarihin Manzon Allah (SAW) ya tabbatar da haka a aikace. Suwaiba ta shayar da shi, sannan Halimatus Sa'adiyya ta ƙabilar Banu Sa'ad. Ɗansa Ibrahim ma an kai shi shayarwa wajen Ummu Saif, matar wani maƙeri a gefen Madina, ga kuwa mahaifiyarsa Mariya tana raye. Babu malamin da ya ɗauki wannan a matsayin aibu ga uwa.

Littattafan da aka daɗe ana karantawa a zaurukan ƙasar Hausa sun fayyace hukuncin. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, da Mukhtasar na Shaihu Khalil, sun wajabta wa matar aure shayar da ɗanta ba tare da lada ba, sai idan tana cikin waɗanda irinsu ba su saba shayarwa ba. Malaman mazhabar sun ƙara da cewa idan ta yi rashin lafiya ko nononta ya ƙafe, nemo mai shayarwa yana wuyan uba ne. Ba ya komowa kanta sai uban ya rasu ko ya talauce, yaron kuma ba shi da dukiya. Abin lura a nan shi ne, wajibin da ba ya faɗuwa shi ne yaro ya ƙoshi. Wanda zai ƙosar da shi kuwa yana sauyawa gwargwadon hali.

Hukuma ma tana da kasonta. Ibn Sa'ad ya ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya ji kukan wani jariri cikin dare a Madina, da ya bincika sai ya tarar uwar tana gaggawar yaye shi ne, domin baitulmali ba ya yanka wa yaro kaso sai an yaye shi. Halifa ya ga laifin kansa, ya sa aka yi shela cewa kowane abin haihuwa yana da kaso tun daga ranar da aka haife shi. Ya gano cewa tsarin hukuma ne ya tura uwar ga abin da ta yi, sai ya gyara tsarin.

3.0 Jego da Yaye a Al'adar Bahaushe

Al'adar Bahaushe ta gina wa mai jego katanga mai ƙarfi. Mai haihuwar fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta. Kwana arba'in na wankan jego kwanaki ne na hutu daga daka da ɗiban ruwa, ana ba ta kunun kanwa da nama mai yaji. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta ɗauki tarihin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ta bayyana shayarwa ta kimanin shekara biyu da ƙauracewar shimfiɗar miji har zuwa yaye. Idan uwa ta rasu ko nono ya ƙi, sai a duba cikin dangi ko maƙwabta a sami mai goyo ta haɗa da nata, ko a koma ga nonon akuya ko na saniya. Karin maganar nan ta cewa ɗa na kowa ne tana da ma'ana ta zahiri a wancan zamani. Shari'a kuma ta ba wannan taimako daraja, domin aya ta 23 ta Suratun Nisa'i ta mayar da mai shayarwa uwa, 'ya'yanta kuma 'yan'uwa. A wajen Malikiyya ma ko kaɗan ne ya isa cikin yaro a tsakanin shekara biyu, haramcin aure ya tabbata.

Sai dai al'adar ta zo da nata zargin. An daɗe ana ɗaukar dakashi, wato nonon farko mai kauri, a matsayin ƙazanta, a matse shi a zubar, a riƙa ɗura wa jariri ruwa ko nonon dabba. Masu bincike a ƙasar Sakkwato sun rubuta yadda ake gwada nonon mai haihuwar fari da tururuwa a cikin ƙoƙo: in sun fita nono ya yi kyau, in sun mutu a ce yana da ɗaci. Wannan ya saɓa wa abin da fuƙaha'u suka fahimta tun da daɗewa, domin Imam Nawawi, wanda ya rasu a 676 bayan Hijira, ya wajabta wa uwa shayar da ɗanta dakashi a littafinsa Minhajuɗ Ɗalibin. Haka kuma gorin da ake yi wa mai kwanika, da cire yaro daga nono rana ɗaya da zarar an ga ciki, ba su da madogara: hadisin Judama 'yar Wahabi a Muwaɗɗa ya nuna Annabi (SAW) ya yi niyyar hana kusantar mai shayarwa, sannan ya bari, ganin Rumawa da Farisawa suna yi bai cutar da 'ya'yansu ba. Ashe tun kafin zuwan gwangwani, al'ada ta fara tuhumar nonon uwa a inda addini bai tuhume shi ba.

4.0 Zuwan Gwangwani

A 1865 masanin sinadarai na Jamus, Justus von Liebig, ya haɗa abincin jarirai na farko da aka kai kasuwa, sannan a 1867 Henri Nestlé ya fito da nasa garin a Vevey ta ƙasar Suwizalan. An yi su ne domin ceton yaran da suka rasa nono, amma ciniki ya buƙaci kasuwar da ta fi ta marayu faɗi. Likita Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da ake kira Gana a yau, ta yi jawabi a Singafo a 1939 inda ta danganta mutuwar jarirai da tallan madara. A 1973 mujallar New Internationalist ta buga hira da likitocin yara biyu, David Morley da Ralph Hendrickse, waɗanda dukansu sun yi aiki a Nijeriya, suka bayyana ɓarnar bulunboti a gidajen talakawa. Rahoton ƙungiyar War on Want ya biyo baya a 1974, aka fara ƙaurace wa kayan Nestlé a Amurka a 1977. A watan Mayun 1981 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙa'idar tallan madarar jarirai da ƙuri'a 118, Amurka kaɗai ta ƙi. Nijeriya ta kafa tata dokar mai lamba 41 a 1990, aka yi mata gyara a 1999, hukumar NAFDAC ce ke sa ido a kanta.

Hatsarin yana da dalilai sanannu. Jaririn da ya dogara ga gwangwani yana buƙatar kimanin kilo 20 na garin madara a wata shidan farko, wato gwangwani 50 masu giram 400. Manomin da ke jiran kaka ba zai iya ba, sai a tsinka madarar da ruwa domin ta kai, yaro ya shiga tamowa. Ana so a dama ta da tafasasshen ruwan da zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, a kuma tafasa bulunboti. Inda itace ke tsada, ruwa kuma na rijiya ne, gudawa ce ke biyo baya. Sannan nono yana ƙaruwa ne da yawan tsotso. Duk cikin da aka cika da madara tsotso ne aka rage, nono ya ja baya, uwa ta ƙara gaskata cewa nata ba ya isa.

5.0 Zamanin Nono Zalla da Sabon Zargi

Martanin duniya ya zo da shirin asibitocin da ke ƙarfafa shayarwa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, sannan a 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da wata shida na nono zalla. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta nuna jariran da ke samun haka a Nijeriya sun tashi daga kashi 17 cikin ɗari a 2013 zuwa kashi 29 a 2018. Wannan kira gaskiya ne, ya kuma dace da manufar Shari'a ta kare rai. Sai dai ya iso ne a lokacin da tsohuwar katanga ta zaizaye. Bayyanar cutar ƙanjamau a shekarun 1980 ta sa ana ɗari-ɗari da ba wa yaro nonon wata. Cibiyar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a Disambar 1985, ta hana kafa rumbunan ajiyar nono saboda tsoron cakuɗuwar nasaba. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaciya mako 12 na hutun haihuwa, kusan rabin wata shidan da ake nema, matar karkara kuwa ba ta da hutu sam bayan arba'in. Aka wayi gari an rufe ƙofar uwar shayarwa, an tsoratar game da gwangwani, wa'azi kuma ya koma kan mutum ɗaya.

Akwai gwajin da aka yi dab da wannan yanki wanda ya cancanci nazari. Daga 2014 zuwa 2019 an gudanar da shirin tallafin renon yara a ƙananan hukumomin Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma na Jigawa, da Anka da Tsafe na Zamfara, ƙarƙashin ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger. An riƙa ba mace naira 3,500 a wata tun tana da ciki har ɗanta ya cika shekara biyu, tare da faɗakarwa da ta haɗa da mazaje da malamai. Nazarin da aka yi kan shirin ya nuna shayar da nono zalla ta ƙaru, tsumburewar yara ta ragu. Buji maƙwabciyar Birnin Kudu da Gwaram ce, mutanensu da nomansu iri ɗaya. Mai karatun tarihi ba zai kasa ganin kamar da ke tsakanin wannan da matakin Sayyidina Umar ba: da aka sauƙaƙa wa uwa hali, sai ta yi abin da dama take son yi.

6.0 Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna cewa shayarwa ita ce asali kuma mafi alheri, dakashi haƙƙin jariri ne, kuma mafi yawan mata suna da isasshen nono idan suka sami abinci da hutu da mai nuna musu yadda ake kama mama. Ya kuma nuna cewa gazawar nono tsohuwar jarrabawa ce wadda Alƙur'ani ya tanadar wa mafita. Uwar da uzuri ya tilasta mata komawa ga madara, bisa shawarar ma'aikatan lafiya, tana matsayin wadda ta nemo mai shayarwa ne a da; babu zunubi a kanta, kuɗin madarar kuma yana cikin ciyarwar da ke wuyan uba. Madarar gwangwani dai ba ta haifar da 'yan'uwantakar shayarwa, tunda asalinta na dabba ne.

Aiki ya rage ga malamai. Ya kamata huɗubar suna da wa'azin masallaci su fuskanci mazaje da iyayen miji kamar yadda suke fuskantar mata. Ya kamata a farfaɗo da sunnar shayar da ɗan wata, tare da gwajin jini da rubuta sunayen waɗanda suka sha nono ɗaya domin kiyaye nasaba. Ya kamata kwamitocin zakka da waƙafi su sanya jariran da suka rasa uwa cikin sahun farko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Shari'a kuma ba ta taɓa cewa ya ɗauka ba. Allah ne mafi sani.