Yadda kalmar tsarki ta koma ranar hutu a ƙasashen arewacin Turai

Tarihinmu na yau ya kai mu can ƙuryar arewacin Turai, ƙasashen sanyi da ƙanƙara: Suwidin, Norwe, Denmak, Aisland da Finland. Abin da muke son dubawa shi ne kalmomin da mutanen can suke kiran abu mai tsarki da ranakun biki, domin a cikinsu akwai darasin da ya shafe mu.

Idan Juma'a ta yi, ma'aikaci a Norwe zai sallami abokin aikinsa da "god helg", na Suwidin kuma ya ce "trevlig helg", wato a yi hutun ƙarshen mako lafiya. Mafi yawansu ba ibada ce a ransu ba, hutu kawai suke nufi. Amma asalin "helg" tsohuwar kalmar kakanninsu ce, "helgi", ma'ana tsarki. Ita kuma ta fito ne daga "heilagr", mai tsarki, wadda ke da tushe ɗaya da "heill", abin da yake cikakke, lafiyayye, mai sa'a. A wurinsu abu mai tsarki shi ne wanda aka keɓe, ba a taɓa shi, ba a keta alfarmarsa. Daga nan ne sunayen Helgi da Helga suka samo asali.

Wannan kalma ta girmi zuwan Kiristanci yankin. A Aisland akwai wani dutse da ake kira Helgafell, wato dutse mai tsarki. Wani tsohon littafin tarihinsu na ƙarni na 13 ya ba da labarin cewa mutumin da ya fara zama a wurin ya hana kowa kallon dutsen sai ya wanke jikinsa. Mu da muke kiran wankin jiki kafin ibada "tsarki", muna kuma cewa "tsarki ya tabbata ga Allah", ba za mu sha wahalar gane wannan tunani ba. Akwai kuma wata kalmar, "vé", wurin bauta. Birnin Odense na Denmak daga ita ya samu suna, ma'anarsa wurin bautar Odin, babban abin bautarsu a zamanin maguzanci.

Sai Kiristanci ya shigo. Wajen shekarar 965 sarki Harald na Denmak ya sa aka rubuta a jikin dutse a garin Jelling cewa ya musanya wa mutanensa addini ya mai da su Kirista. Mutanen Aisland kuma majalisarsu ce ta yanke shawarar karɓar sabon addinin a wajen shekarar 1000. Abin lura shi ne, malaman coci ba su zubar da tsofaffin kalmomi ba, sai suka ɗora musu sabuwar ma'ana. "Helgi" ta koma nufin ranakun da coci ta keɓe, musamman Lahadi. Da zamani ya zo aka haɗa Asabar cikin hutu, sai kalmar ta rufe kwanakin biyu, ibadar kuma ta ja baya.

Haka ya faru da "jul", sunan Kirsimeti a wurinsu. Tun asali bikin tsakiyar hunturu ne na maguzawa, ana yanka ana shagali. Masanin tarihi Snorri Sturluson ya rubuta cewa sarki Haakon na Norwe, a ƙarni na 10, ya kafa dokar a riƙa yin bikin daidai lokacin da Kirista ke nasu. Mutanen Finland, waɗanda harshensu daban yake da na maƙwabtansu, sun ari kalmar suna cewa "joulu". Amma suna da tasu kalmar ta tsarki, "pyhä", kuma ita ma tana nufin Lahadi ko ranar biki.

Sunayen ranaku ma shaida ne. Har gobe Laraba a Suwidin "onsdag" ce, ranar Odin, Alhamis kuma "torsdag", ranar Thor. Asabar "lördag" ce, asalinta ranar wanka. A Aisland kaɗai aka yi gyara, inda wani bishop mai suna Jón Ögmundsson, a farkon ƙarni na 12, ya yaƙi sunayen gumakan. Shi ya sa Talatarsu take nufin rana ta uku, Juma'a kuma ranar azumi.

Mu ma harshenmu yana ɗauke da irin wannan tarihi. Ranakunmu daga Lahadi zuwa Asabar daga Larabci muka karɓo su. Kalmar "salla" ibada ce, amma ita ce kuma sunan babban bikinmu, har muke cewa kayan salla, goron salla, yawon salla. Yaranmu da suke tasowa a Legas ko Ibadan ko Fatakwal suna iya girma su ɗauka salla ɗinki ne da nama kawai, kamar yadda "helg" ta koma kwana biyun hutawa. Aikinmu ne iyaye mu riƙa zama da su muna faɗa musu inda kalmomin nan suka fito da abin da suke nufi. Allah ya sa mu dace, ya raya mana zuri'a.