Keken Ɗinki Da Zamanin Better Life

'Yan uwana mata, da yawanku kun ji ana cewa Better Life, amma ba ku san tushen abin ba. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin SAP, naira ta faɗi, masana'antu suka shiga sallamar ma'aikata, cefane ya gagari magidanta. Sai aka kafa hukumar NDE, tana kai matasa wurin kafintoci da makanikai da teloli, gwamnati na biyan alawus.

Mu mata rabonmu ya zo a 1987, da Maryam Babangida ta ƙaddamar da Better Life. Aka koyar da ɗinki da saƙa da haɗa sabulu da man shafawa, kuma wallahi mata sun amfana. To amma fa koyo daban, jari daban. Mace ta iya yanka da ɗinki tsaf, ba ta da keke, sai aron na maƙwabciya. Ga shi shirin a jikin ofishin uwargidan shugaban ƙasa yake rataye, da mijinta ya sauka a 1993 sai ya dushe. A 1994 Maryam Abacha ta kawo nata, Family Support.