Katagum: Alamomin Tarihi A Gaɓar Kogin Jama'are

Tsohon garin Katagum yana gaɓar arewa ta Kogin Jama'are, a arewacin Jihar Bauchi, kimanin kilomita 70 daga Azare. Shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Zaki, yayin da Azare ke zaman hedikwatar Ƙaramar Hukumar Katagum kuma mazaunin Sarki. Wannan musayar suna kan rikita baƙo, amma tarihi ne ya haifar da ita: sarauta ta tashi daga bakin kogi ta tafi da sunan garin, ta bar masa ruwa da tarihin kafuwarsa.

Kogin da ya raini garin

Kogin Jama'are, wanda ake kira Bunga a sashensa na sama, yana tasowa ne daga tsaunukan Jos. Yana gangarowa arewa maso gabas ta cikin Jihar Bauchi, ya haɗu da ruwan Haɗeja a dausayin Haɗeja da Nguru, daga nan su zama Kogin Komadugu Yobe mai zuba a Tafkin Chadi.

Kamannin gaɓar na sauyawa da sauyin lokaci. A watannin Agusta da Satumba ruwa kan cika ya malale fadamu, kwalekwale ya zama abin hawa, masunta su baza komarsu. Da rani kuwa ruwan kan ja baya ya bar farin rairayi, manoman rani su shiga fadama da shukar alkama da kayan lambu, makiyaya su gangaro da shanu mashaya. Itatuwan goruba da tsamiya da kuka su ne ke ƙawata wannan shimfiɗa, musamman da hantsi da kuma bayan la'asar.

Birnin Malam Zaki

Malam Ibrahim Zakiyul Kalbi, wanda aka fi sani da Malam Zaki, yana cikin waɗanda suka karɓi tutar jihadi daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya haɗa tsoffin ƙasashen Shira da Tashena ƙarƙashin ikonsa, ya kai yaƙi har Birnin Gazargamu, babban birnin Borno na wancan zamani. Daga nan sarakunan gidansa suka gaji laƙabin Sarkin Borno. Ya kafa birnin Katagum kafin rasuwarsa a 1814.

A watan Janairun 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, matafiyan Birtaniya biyu, Kyaftin Hugh Clapperton da Dakta Walter Oudney, suka iso garin daga Borno. Bayanin da Clapperton ya bari ya nuna birni mai kusurwa huɗu, kewaye da ganuwa biyu masu tsayin kusan ƙafa 20, da ramukan tsaro, da ƙofofi huɗu. Ya ƙiyasta mazaunansa tsakanin 7,000 zuwa 8,000, ya ambaci masallacin garin, ya kuma lura cewa da wuri ake ciniki a kasuwarsa. A ganinsa, tun da suka baro Tarabulus ba su ga birni mai ƙarfin tsaro kamarsa ba.

Oudney bai yi nisa da garin ba. Ya rasu ranar 12 ga Janairun 1824 a ƙauyen Murmur da ke kusa, aka binne shi a can, Clapperton ya ci gaba zuwa Kano da Sakkwato.

Ƙarfin ganuwar bai hana birnin shan wuya ba. A wajen 1826 rundunar Shehu Laminu na Borno ta tilasta wa mutanen Katagum ficewa, har sai da Sarkin Bauchi Yakubu ya tare ta a Fake. A shekarun 1850 kuma yaƙe-yaƙen Sarkin Haɗeja Buhari suka ƙara raunana ƙasar. Turawan mulkin mallaka sun shigo a 1903.

Fada ta koma Azare

A 1916, zamanin Sarki Abdulƙadir na Uku, aka mayar da mazaunin masarautar Azare. Bayan shekara goma aka cire Katagum daga Lardin Kano aka haɗa ta da Lardin Bauchi. Tun daga lokacin ƙofar fadar Azare ta zama dandalin da ake ganin kwalliyar masarautar. Ranar hawan Sallah, hakimai da dogarai da 'yan lifidi kan fito da ado na sirdi da jalala da alkyabba, wanda shi kansa aikin hannun dukawa da maƙera da maɗinka ne. Alhaji Muhammadu Kabir Umar ya riƙe wannan fada daga 1980 har rasuwarsa a Disambar 2017, ɗansa Alhaji Umar Faruƙ na Biyu ya gaje shi.

Zane a bango, zane a dutse

A ƙasar Hausa, fasahar da jama'a ke gani a fili ba a gunki take ba, a jikin gini take. Magina kan ɗora bango da tubali, su shafe shi da makuba don kare shi daga ruwan sama, su tayar da zanko a kusurwoyin soro, su ɗaure rufin zaure da azarar giginya a siffar bakan gizo. Fuskar zaure kuma akan ƙawata ta da zayyana irin ta dagi. Wannan ita ce al'adar ginin da birane irin su Katagum suka tashi a cikinta.

Akwai kuma zanen da ya girmi masarautar kanta. A duwatsun Shira, kudu maso yammacin Azare, akwai tsoffin zane-zanen mutane da dabbobi a jikin dutse, waɗanda ke cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa ƙarƙashin kulawar Hukumar Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa.

Abin da ke cikin haɗari

Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe. A da, aikin gayya ne ke gyara ganuwa bayan kowace damina. Da aka daina yaƙi, aka daina gyaran, sai ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da faɗaɗar unguwanni suka shiga cin ganuwoyin biranen Arewa. Garin da ke bakin kogi yana da ƙarin barazana: Ƙaramar Hukumar Zaki na cikin yankunan Jihar Bauchi da ambaliyar 2022 ta yi wa ɓarna.

Makomar kogin ma tana cikin muhawara. Tun ƙarshen shekarun 1970 ake batun madatsar ruwa ta Kafin Zaki a kansa. Masu goyon baya na hangen noman rani mai faɗi, al'ummomin da ke ƙasa kuwa, har zuwa Yobe da Borno, na fargabar ƙafewar fadamun da suke noma da kamun kifi a ciki.

Wannan ne ya sa hoton da aka ɗauka a gaɓar Katagum ya wuce abin sha'awa, domin yana iya zama shaidar abin da damina mai zuwa za ta tafi da shi. Al'adar wurin dai ita ce baƙo ya fara gaisuwa a ƙofar mai gari, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton fada ko masallaci ko maƙabarta.