Keke a hanyoyin Maraɗi, daga gulbi zuwa Jibiya

Masu saurarenmu na Nijar da Najeriya, 'yan kasuwa da makiyaya, a shirin tarihi na wannan mako mun ɗauko batun keke da hanyoyin da ke kewaye da Maraɗi. Ga abin da muka faɗa, don waɗanda lokacin shirin ya same su a daji ko a tsakiyar ciniki.

Mu fara da gulbi, domin shi ya shata hanyar kudu tun ba a san keke ba. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratsa Jibiya, ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya karkata ya koma Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Kun ga ke nan Katsina ta fi Maraɗi tudu. Mai keken da ya ɗauro kaya daga Katsina, a tafiyar nan ta kusan kilomita 90, gangara ce ke taimakonsa a hankali, ko da ido bai gani ba. Ƙafa dai tana ji. Ranar komawa ne gumi ya fi zuba.

Amma wannan hanya ba kullum take a buɗe ba. Bayan jihadi, da sarakunan Katsina na dauri suka rasa birninsu, Ɗan Kasawa ya kafa sarautarsu a Maraɗi, cikin kwarin gulbi mai duhuwar itatuwa inda dawakin abokan gaba ba sa sakewa. Shekaru da dama dajin da ke tsakanin garuruwan biyu fagen hari ne, fatake ba sa shigarsa sai cikin ayari. Da Turawan Faransa da na Ingila suka zo, suka aza duwatsun iyaka tsakanin 1906 da 1908, hari ya kwanta, sai kuma duwan da kwastan suka tsaya a wurin.

Keken da muke hawa yau, mai tayoyi biyu daidai da juna da sarƙa a baya, a Ingila aka fito da shi a 1885, tayar iska kuma ta biyo baya a 1888. Gyaɗa ce ta jawo shi nan. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, gyaɗar Maraɗi ta riƙa gangarawa can bisa raƙuma da jakuna, daga baya a manyan motoci. Abin da ke dawowa shi ne atamfa, kananzir, fitila, sai kuma keke ga wanda kakarsa ta yi kyau. Raleigh ne sarki a lokacin. Malamin makaranta, ɗan sakon hakimi, yaron kanti mai zagaya ƙauyuka yana awon gyaɗa, su ne suka fara hawa. A ɓangaren Najeriya har lasin keke ake yanka a hannun En'e, wanda bai biya ba ɗan doka ya tare shi.

A 1945 gulbi ya yi ambaliya ya ci tsohon garin Maraɗi, aka tayar da mutane zuwa kan tudu, aka ja sabbin layuka miƙaƙƙu. Tun daga nan mai lambu a fadama ya samu aiki na kullum, ya ɗauro kayan miya ƙasa, ya turo keke ya hau tudu zuwa kasuwa. Har gobe da sassafe za ku gan su.

To, ina keke ke tafiya, ina yake tsayawa? Hanyar fadama da rani daɗi gare ta, laka ta bushe ta yi tauri kamar daɓe, ga inuwa. Mutum zai iya bin ta har bakin tafkin Madarunfa. Da ruwa ya sauka sai labari ya sauya, laka ta cika tsakanin taya da ƙarfe, dole ka sauka ka nemi tsinke. Burji kuwa ba ya riƙe taya, amma in motoci suka yi masa kunya-kunya sai ya jijjiga mutum har haƙora, ya kwance ƙusoshin kariya. Babban abokin gaba shi ne jigawa. Da ka bar kwalta ka nufi ƙauyukan arewa, wajen Mayahi ko Dakwaro, rairayi ne mai zurfi, taya ta nutse, ka koma kai ne ke ɗauke da keke. Ga tsidau yana huda tiyub, ga ƙayar aduwa, ga ƙarangiya a ƙafar wando. Shi ya sa, a ganina, keke bai taɓa karɓe arewa daga hannun raƙumi da jaki da amalanke ba. Makiyaya sun fi kowa sanin wannan. Yaro zai iya kai nono ko ya sayo dusa a keke in ruga na kusa da kwalta, amma ba wanda ke bin burtali da shi a bayan garke.

Akwai kuma iska, wadda ba a cika lissafawa ba. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Wanda ya kama babbar kwalta ya nufi Cadawa, Agye, Gazawa har Tasawa, kusan kilomita 120, da ita zai yi ta kokawa a fuska. Mai zuwa Tsibiri da Gidan Rumji kuwa tura shi take yi. Da damina sai ta juya. Tsofaffin mahaya da asuba suke fita kafin ta tashi.

Fari na 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, kasuwancin Maraɗi ya koma kan shige da fice da Najeriya kusan gaba ɗaya. A nan ne keke ya samu wani sabon aiki. Da gwamnatin Buhari ta soja ta rufe iyaka a 1984, rufewar da ta ɗore har 1986, motoci suka yi cirko-cirko a Ɗan Isa da Magama, ƙananan hanyoyin gonaki suka raya. Keke ba shi da ƙara, ba ya shan mai, yana bin sawun da mota ba ta iyawa. Aka riƙa ƙara wa kariya rodi, a ninka wayoyin tayar baya, a ɗora buhu ko jarkoki, mai shi ya riƙa turawa a ƙasa. Ba yabon fasa-ƙwauri muke ba, jama'a, tarihi muke faɗa. An sake ganin irin haka a rufewar 2019 zuwa ƙarshen 2020, da wadda ta biyo bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023, sai dai zuwa lokacin babur ya riga ya karɓe mafi yawan aikin.

Babur ɗin ma ya gamu da nasa cikas. Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu. Kafin nan, matsalar 'yan bindiga ta sa a 2021 gwamnatin jihar Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta kuma hana sayar da mai a jarka. A wurare da dama yanzu wanda ya fito daga daji bisa babur da ido biyu ake kallonsa. Sai ga tsofaffin Phoenix da aka jingine a zaure suna fitowa, masu faci na samun ciniki.

Inda na ga an yi wa mai keke rashin adalci shi ne kan kwaltar kanta. An shimfiɗa ta don mota. Gefenta ya zaizaye, wani wuri tsakanin kwalta da ƙasa ya kai taƙi guda. In tirela biyu suka haɗu, mai keken da ke ɗauke da buhu ba shi da wurin kaucewa sai cikin rairayi, can kuma faɗuwa ce. Hanyoyin gonaki da ake ratsewa a da, noma ya matse su, kamar yadda ya matse burtali. Ga shi tun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Katsina da Jibiya. Tambayar da ya kamata sarakunan ƙauyuka da shugabannin ƙungiyoyin makiyaya su yi tun yanzu ita ce, a ina za a bar mashigar da garke da amalanke da mai keke za su tsallaka, kuma tazarar kilomita nawa tsakanin wata da wata.