Daga Gardi Zuwa Malamin Jami'a: Waiwaye Daga Zangon Agege

A wannan ɗan taƙaitaccen bayani za mu waiwayi wata tambaya da ba a cika yi ba a sassanmu, wato wane ne ya koya wa malamin jami'a koyarwa? Mun zaɓi mu fara daga Agege, domin a can ne tambayar ta fara damunmu, lokacin da muka je tattara bayanai don kundin digirinmu na uku.

Zangon Agege ya bunƙasa ne albarkacin goro da jirgin ƙasa. Layin dogo da ya tashi daga Ikko ya ratsa garin, ya kai Badun a 1901, sa'annan ya isa Kano a 1911. Fatake suka sauka, malamai suka biyo su, allo ya biyo malamai. A irin waɗannan makarantu, kamar yadda yake a Kano da Zariya, malam ba ya biya wa kowane yaro da kansa. Gardi ne ke biya wa kolo da titibiri, alhali shi ma bai gama nasa karatun ba. Abin lura shi ne malam yana zaune a kan buzunsa, kunnensa na wajen. Idan gardi ya karya harafi ko ya tsananta bulala, nan take za a gyara masa. Haƙiƙa gardi yana koyon abu biyu a zama ɗaya: karatu da karantarwa.

Jami'a ma da ɗalibi mai koyarwa ta fara, ko da yake ta wata hanya. A Amurka, dokar ilimi ta 1958 ta samar da kuɗin koyar da harsunan da ba a saba koyarwa ba, Hausa ta sami shiga jami'o'i irin su Wisconsin da Indiana da UCLA, inda aka riƙa dogara da ɗalibai 'yan asalin harshe wajen horar da Turawa furuci. A wannan zamani ne magabatanmu suka fita neman ilimi. M.K.M. Galadanci ya kammala digirinsa na uku a Landan a 1969, shekarar da aka kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano. Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala nasa a Indiana a 1975 da nazari a kan Mamman Shata, Ɗalhatu Muhammad kuma a Landan a 1977 a kan waƙoƙin Aƙilu Aliyu. Da suka dawo, babu isassun littattafai, babu daidaitattun kalmomin nazari. Su suka ƙirƙiro, suka gwada a kan ɗalibai, abin da ya zauna ya zauna.

Mu da muka zo baya mun gaji kalmomin, amma zaman kusa da malam ya yi ƙaranci. Ɗalibai sun yi yawa, manyan malamai sun yi kaɗan, ga yajin aiki. Ranar da aka fara ba mu kwas na rubutacciyar waƙa, takarda ɗaya aka miƙo mana mai ɗauke da kanun darussa, aka nuna mana aji. Muka shiga da abin da muka kwana muna karantawa don babi na biyu na kundinmu, muka yi awa guda muna zuba ra'ayoyin masana a kan karin waƙa. Ɗalibai suka rubuta, ba wanda ya yi tari. Sai da jarrabawa ta zo muka gane cewa mafi yawansu ba su iya rarrabe doguwar gaɓa da gajera ba, kuma laifin namu ne.

A zangon karatu na gaba muka roƙi wani dattijon malami ya zauna a bayan aji. Ya zo sau biyu. Bayan lacca ya ce mana, "Malam, kai ne ka rera baitin, ko su? Ka bar su su rera, su tafa, sa'annan ka ba shi suna."