Batir mai yoyo a kwale-kwale: yadda ake gane shi da abin yi

A tafkin Lagdo da ke kudu da Garwa, wanda aka gama madatsarsa a 1982, da kuma kan kogin Binuwai, masunta da masu fito na ɗaukar batir a jirgi don kunna fitila da cajin waya. Yawanci tsohon batirin mota ne mai bolt 12, mai ɗakuna shida, cike da farantan dalma da ruwan asid. Ba a yi shi don girgizar ruwa ba.

Alamar farko ita ce farin gari ko kore-kore a kan batir inda waya ke kamawa, ko danshi a ƙarƙashinsa. Idan yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ko cikinsa ya kumbura, to caji ya yi masa yawa. Hakan na faruwa sosai ga masu haɗa faifan sola kai tsaye ba tare da na'urar daidaita caji ba, ga kuma zafin Garwa na Maris da Afrilu da kan haura digiri 40. Batir mai lafiya da ya cika yakan nuna kusan 12.6 a mita. Idan lokacin caji ya wuce 15, ruwan tafasa yake yi.

Kafin a taɓa shi a kashe sigari da duk wata wuta, domin iskar da yake fitarwa na iya fashewa. A sa safar hannu ta roba, a fara cire wayar da ke da alamar (-). Sai a barbaɗa garin kanwa ko bikarbonat inda ake zargi: wurin da ya yi kumfa, nan asid yake. Idan daga murfi ne kawai, a ɗaure shi, a ƙara tataccen ruwa da ake sayarwa da sunan eau distillée, ban da ruwan kogi. Amma idan jikin ne ya tsage, batir ya gama aiki. Liƙi da gam ba ya daɗewa. Wanda asid ya taɓa wa ido ko fata ya wanke da ruwa mai yawa na aƙalla minti 15, sannan ya nufi asibiti.

Sabon batir a zaunar da shi a tsaye cikin akwatin roba, a ɗaure, sama da ruwan da ke taruwa a gindin jirgi.

Tsohon kuwa kada a jefa shi a tafki, kada a fasa shi a gida don narka dalmar kalli. A Thiaroye-sur-Mer kusa da Dakar, inda aka daɗe ana wannan sana'a, yara 18 ne suka mutu da gubar dalma tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008. Masu sayen tsofaffin batura suna karɓar sa ko da ya tsage.